Cunkoson jama'a: Matsayin Gwarzo da Kabo a ma'aunin duniya

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo a tsakiyar damina, da zarar ya wuce Janguza ya nufi Rimin Gado, zai lura cewa da ƙyar idonsa zai faɗa kan fili wanda ba a noma ba. Gero da dawa da masara sun rufe gefen titi hagu da dama, ƙauye na bin ƙauye, gonar wannan na jingine da ta wancan. Babu dogayen benaye, babu cunkoson motoci irin na Kantin Kwari, don haka baƙo zai ɗauka wuri ne mai yalwa. Alƙaluma kuwa suna nuna cewa wannan yanki na cikin karkarar da ta fi cika da jama'a a nahiyar Afirka.

Lokaci zuwa lokaci akan fitar da jerin ƙasashen da suka fi cunkoso a duniya, mu karanta, mu yi mamakin yadda mutanen Makau ko Singafo suke samun wurin shimfiɗa haƙarƙari. Yana da kyau mu san yadda ake yin wannan lissafi, da abin da yake nunawa, da abin da yake ɓoyewa, sannan mu auna kanmu da shi, domin batun ya shafi gonar gado, da farashin hatsi, da makomar samarin da ke barin gida kowane rani.

Yadda ake auna cunkoso

Lissafin ba shi da wuya. Ana ɗaukar adadin mutanen da ke zaune a wuri, a raba shi da faɗin ƙasar wurin. Abin da ya fito shi ne yawan mutane a kowane murabba'in kilomita ɗaya, wato fili mai tsawon kilomita ɗaya da faɗin kilomita ɗaya. Wannan fili daidai yake da hekta 100.

A ranar 15 ga Nuwamba, 2022, Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa al'ummar duniya ta cika biliyan 8. Idan aka baza wannan jama'a daidai wa daida a kan tudu, kowane murabba'in kilomita zai samu kimanin mutum 60. Sai dai ɗan Adam bai taɓa zama a baje haka ba. Ruwa, da ƙasar noma, da kasuwa, da tsaro su ne ke jan mutane wuri guda, su bar hamada da ƙanƙara da duwatsu kusan wayam.

Waɗanda ke kan gaba a duniya

A saman jerin akwai Makau, wani yanki na ƙasar Sin mai gudanar da harkokinsa na cikin gida, wanda ya kasance a hannun Turawan Fotugal har zuwa 1999. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 33 ne, mutanensa sun kusa 700,000, wato sama da mutum 20,000 a kowane murabba'in kilomita. Bayansa sai Monako, 'yar ƙaramar masarauta a gaɓar tekun Bahar Rum kusa da Faransa, mai faɗin murabba'in kilomita 2 kacal da mutum kusan 39,000. Ita ce ƙasa mai cikakken 'yanci da ta fi kowace cunkoso.

Singafo na da mutum kimanin miliyan 6 a kan tsibirin da bai kai murabba'in kilomita 750 ba, abin da ke ba da kusan 8,000. Hon Kon na da mutum miliyan 7.5, cunkosonta ya doshi 7,000. Zirin Gaza, mai faɗin murabba'in kilomita 365, na ɗauke da Falasɗinawa sama da miliyan 2, wato wajen 6,000. Daga nan sai ƙananan tsibirai irin su Baharain da Malta, inda adadin ke tsakanin 1,500 da 2,000.

A cikin manyan ƙasashe, Bangaladash ce ba ta da na biyu: mutum kimanin miliyan 170 a ƙasar da ba ta kai kashi ɗaya cikin shida na faɗin Najeriya ba, sama da 1,100 a kowane murabba'in kilomita. Indiya, wadda ta zarce Sin a yawan jama'a a 2023, tana kusa da 480. Holan ta haura 500. A Afirka, idan aka ware tsibirai, Ruwanda ce kan gaba, domin ƙidayarta ta 2022 ta nuna mutum miliyan 13.2, wato kimanin 500.

A ɗaya ƙarshen kuma akwai Mongoliya mai mutum biyu kacal a kowane murabba'in kilomita, da tsibirin Girinlan, wanda ya ninka Najeriya faɗi fiye da sau biyu amma mutanensa ba su kai 60,000 ba.

Abin da jerin ke ɓoyewa

Mai karatu zai lura cewa galibin waɗanda ke sahun farko birane ne da suka zama ƙasa, ko tsibirai ƙanana. Ba su da karkara, ba su noma abin da suke ci. Makau na rayuwa da gidajen caca da baƙi masu yawon buɗe ido, Singafo da tashar jiragen ruwa da bankuna da masana'antu, kuma tana sayo fiye da kashi 90 cikin 100 na abincinta daga waje. Auna irin waɗannan da ƙasa mai gonaki da dazuzzuka tamkar auna kasuwar Kurmi ne da dajin Falgore.

Abu na biyu, matsakaicin adadi kan rufe gaskiyar inda mutane suke. Masar na da faɗin murabba'in kilomita miliyan ɗaya, amma kusan kashi 95 cikin 100 na jama'arta sun taru ne a gefen Kogin Nilu da bakinsa. Jamhuriyar Nijar ta fi Najeriya faɗi, kuma a takarda mutum kimanin 20 ne a kowane murabba'in kilomita, alhali mafi yawansu suna zaune ne a siririyar ɗamarar kudu, daga Doso zuwa Maraɗi da Damagaram, inda ruwan sama ke isar gero.

Abu na uku, adadin shi kaɗai ba ya faɗin ko mutane suna cikin wadata ko ƙunci. Hon Kon da Gaza ba su da nisa da juna a jerin, amma ɗaya cibiyar kuɗi ce ta duniya, ɗaya kuma yanki ne da aka killace tun 2007, yaƙi ya kuma ragargaza shi. Tambayar da ta fi amfani ita ce: da me mutanen wurin suke rayuwa, kuma abin da suke dogaro da shi yana ƙaruwa tare da su ko yana raguwa?

Dala, Doguwa da tsakaninsu

Ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi a Najeriya, ta ba ƙasar mutum miliyan 140.4, wato kimanin 150 a kowane murabba'in kilomita. Jihar Kano ta samu miliyan 9.4 a kan ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 20,000 da 'yan kai, abin da ya ba da kusan 470. Wannan kuma bayan an cire Jigawa daga jikinta a 1991.

A cikin ƙananan hukumomi 44 na jihar, bambancin na da girma. Dala na da mutum kusan 419,000 a kan murabba'in kilomita 19. Wannan ya haura 20,000, wato tun a 2006 Dala ta kai Makau cunkoso, kuma ba tare da benaye masu hawa talatin ba. Haka lamarin yake a Ƙaramar Hukumar Birni da Gwale. A kudancin jihar kuwa, Doguwa na da mutum kimanin 151,000 a kan fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,500, wato 100 da ɗoriya.

Gwarzo da Kabo, waɗanda ke da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya, suna tsakani. Gwarzo na da faɗin murabba'in kilomita 393 da mutum kimanin 184,000 a waccan ƙidaya, wato kusan 470. Kabo na da murabba'in kilomita 341 da mutum kimanin 154,000, wato wajen 450. Ma'ana Kabo da Doguwa kusan jama'arsu ɗaya, amma ƙasar Doguwa ta ninka ta Kabo sau huɗu.

Wannan adadi ya ninka matsakaicin Najeriya na lokacin sau uku, kuma ya yi kusa da na Indiya da Ruwanda da Holan a yau. Bambancin shi ne a Gwarzo da Getso da Kutama da Garo da Gude babu manyan masana'antu, babu tashar jiragen ruwa. Abin dogaron mafi yawan gidaje shi ne gona, da damina guda ta wata huɗu zuwa biyar.

A mayar da shi lissafin manomi. Idan mutum 460 ke kan hekta 100, rabon kowa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na hekta da kaɗan ba. Gida mai mutum goma zai tashi da kimanin hekta biyu, kuma a cikin wannan har da filin gidaje, da hanyoyi, da makarantu, da maƙabartu, da burtali, da kwazazzabai. Abin da ya rage na shuka bai kai haka ba.

Yadda ƙasar Kano ta ɗauki jama'arta

Cikar ƙasar Kano ba sabon abu ba ne. Lokacin da Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya iso birnin a 1851, ya ƙiyasta mazaunansa da kimanin 30,000, ya kuma yaba albarkar ƙasar da ke kewaye da shi da yawan garuruwanta. Ganuwa ta ba da tsaro, fatauci da saƙa da rini sun ba da kasuwa, ƙasa mai sauƙin huɗa da ruwan rijiya marar zurfi suka ba da damar zama.

A shekarun 1960, masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sannan daga baya a Jami'ar Bayero, ya yi nazari mai zurfi kan karkarar da ke zagaye da Kano. Abin da ya ja hankalinsa shi ne manoman yankin sun daina hutar da gona, suna noma ta kowace shekara, amma ƙasar ba ta mutu ba. Wannan ya saɓa wa abin da masana da yawa suke tsammani tun daga Thomas Malthus, wanda ya rubuta a 1798 cewa jama'a kan ƙaru fiye da abinci har yunwa ta dawo da su baya. Ya fi kusa da ra'ayin Ester Boserup, 'yar ƙasar Denmak, wadda ta nuna a 1965 cewa ƙaruwar jama'a kan tilasta wa manomi ya ƙara dabara da aiki a kan fili ɗaya.

Dabarun ba baƙi ba ne ga ɗan Gwarzo ko Kabo. Ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya. Wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsu ta ciyar da awaki da tumaki da ke ɗaure a turke duk damina. Takin dabbobin, haɗe da toka da sharar gida, a kwashe shi da rani a kai gona a jibge kashi-kashi. A ƙauyukan da ke kusa da birni, jakuna kan shigo da itace su fita da taki. Ana barin gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsakiyar gona, kowace da mai ita, kowace da amfaninta. Karan dawa ya zama danga da makamashi. Da rani kuma magidanci ya kama saƙa, ko ƙira, ko fawa, ko ya tafi ci-rani.

Wannan tsari ya ginu ne a kan yawan hannaye. Kwasar taki, da noman farko da na biyu, da yankan ciyawa duk aiki ne da gida mai mutum uku ba zai iya ba. Shi ya sa a idon manomi yawan iyali arziki ne, kuma tsawon zamani lissafinsa bai faɗi ƙasa ba.

Inda lissafin ya fara tsukewa

Sai dai kowace igiya tana da iyakar da za a ja ta. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa macen Najeriya kan haifi 'ya'ya 5.3 a matsakaici, a Arewa maso Yamma kuma 6.6. Jama'ar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara kan ninka kanta cikin shekara 23 zuwa 24. Idan haka Gwarzo da Kabo suka tafi tun 2006, to kafin 2030 za su doshi mutum 900 a kowane murabba'in kilomita, hektar nan biyu ta gida mai mutum goma ta koma ɗaya. A wannan mataki sun fara kusantar Bangaladash, wadda ke da koguna da ruwan saman da ke ba ta damar noma sau biyu ko uku a shekara.

Alamomin suna bayyane. Gandu, inda uba da 'ya'yansa maza ke noma babbar gona tare, yana watsewa. Gonar da kaka ya bari an raba ta gado tsakanin 'ya'ya, an sake raba ta tsakanin jikoki, har rabon wani ya koma 'yan kunyoyi da ba za su ciyar da shi wata uku ba. Mai irin wannan rabo yakan jinginar ko ya sayar, ya koma ƙwadago a gonar wani. Aron gona, wanda a da ake yi don zumunci, ya koma haya da kuɗi.

Makiyaya da burtali su ne suka fara shan matsin. Inda babu saura, garken Bafulatani ba shi da wurin tsayawa da damina, kuma duk taƙaitar hanya tana ƙara yiwuwar ɓarna da rigima. Raguwar shanun da ke kwana a gonaki bayan girbi kuma ragin taki ne ga manomi, a daidai lokacin da kuɗin takin zamani ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi, musamman bayan janye tallafin man fetur a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira.

Daga gabas kuma birni na tahowa. Unguwanni irin su Rijiyar Zaki da kewayen sabon mazaunin Jami'ar Bayero, waɗanda dattawa suka sani a matsayin gonaki, sun zama gari. Duk gonar da aka yanka fuloti ta fita daga noma ke nan har abada, kuma kuɗin da aka biya mai ita ba ya haihuwa kamar yadda ƙasa ke haihuwa kowace damina.

Ci-rani ma ya sauya kama. A da saurayi kan tafi bayan girbi ya dawo da saukar ruwan farko. Yanzu da yawa sukan zarce a Kano ko Abuja ko Legas ko Fatakwal, suna acaɓa, ko tura baro, ko sayar da kayan gwari, abin da suke aikowa ya zama shi ne cikon abincin gida. Ta haka cunkoson karkara ke komawa cunkoson Dala da Gwale.

Abin da wasu suka yi

Ƙasashen da suka ɗauki cunkoso ba tare da ya karya su ba, kowace ta ƙara wa ƙasa amfani, ta kuma samar wa jama'a abin yi a wajen gona. Bangaladash ta sha mummunar yunwa a 1974. Daga lokacin zuwa yau ta ninka shinkafar da take nomawa kusan sau uku, ta hanyar ingantaccen iri da ban-ruwa da ƙananan injina a lokacin rani. Ta sa 'yan mata a makaranta, ta gina masana'antar ɗinka tufafi da ke ɗaukar miliyoyin ma'aikata, haihuwa kuma ta sauko daga sama da 'ya'ya shida zuwa kimanin biyu. Singafo ta kafa hukumar gina gidaje a 1960, yau kusan kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙasar suna zaune a gidajen da ta gina. Holan, duk da ƙanƙantarta, tana sahun gaba a duniya wajen fitar da amfanin gona.

Akwai misali ma a maƙwabta. A yankin Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin tsiron itatuwan da ke fitowa daga tsofaffin kututture maimakon sare su lokacin sassabe. An ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ta farfaɗo a kudancin Nijar ta wannan hanya, kuma abin ya fi kankama ne a wuraren da jama'a suka fi yawa.

Yammacin Kano ba ta rasa abin farawa ba. Akwai madatsar ruwa ta Challawa a Ƙaraye, da ta Watari a Bagwai, da ta Guzu-Guzu a Kabo. Hekta ɗaya da ake noma sau biyu a shekara ta kusa zama hekta biyu, don haka gyaran magudanai da faɗaɗa noman rani ita ce hanya mafi kusa ta ƙara ƙasa ba tare da an ƙwace ta kowa ba. Hanyar Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi ta haɗa yankin da kasuwannin Jihar Katsina. Wutar lantarki mai ɗorewa za ta sa a riƙa casar shinkafa, da matsar gyaɗa, da sarrafa tumatir a nan gida maimakon a kwashe su ɗanye. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora kula da filayen karkara a wuyan ƙananan hukumomi, saboda haka shata burtali da kare gonaki masu albarka daga yankan fuloti barkatai aiki ne da doka ta riga ta ba su, tare da hakimai da dagatai da suka san iyakar kowa.

Ba a shiri da ƙiyasi

Duk wannan na buƙatar sanin adadin mutanen da ake yi wa shiri. Ƙa'idar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shawarta ita ce a yi ƙidaya duk shekara goma. Najeriya ta shirya yin tata a Mayun 2023, aka ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Yaron da aka haifa a Kabo a makon ƙidayar Maris ɗin 2006 yanzu ya isa aure da neman gonar kansa, amma har yau da alƙaluman shekarar haihuwarsa ake ƙiyasta azuzuwan makaranta, da gadajen asibiti, da buhunan takin da za a kai garinsu.

Manoman Gwarzo da Kabo sun riƙe ƙasarsu tana ba da amfani kowace shekara na tsawon zamani, da taki da harawa da gumin jikinsu, ba tare da wani taimako mai yawa daga waje ba. Ninkin jama'ar da ke tafe ya fi ƙarfin waɗannan dabaru su kaɗai. Ruwan noman rani, da makaranta, da sana'ar da ba ta dogara da gona ba, da sahihiyar ƙidaya, nauyi ne da ke kan gwamnati a matakanta uku, kuma gonar gado ba za ta daina raguwa ba kafin a sauke shi.